Ƙaramar Hukuma da Makaman Ƙare-Dangi: Me Ya Haɗa Kifi da Kaska?



Sa'ad da aka buga sanarwar wannan lacca, wani abokina, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma daga wajenmu, yammacin Zamfara, ya tare ni da dariya, ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Kansilan da ya kasa gyara kwalbati a Nasarawar Burkullu shi ne zai kwance wa Amurka da Rasha ɗamara?" Ban ga laifinsa ba, domin tambayar tasa tana kan hanya, kuma ita ce zan yi ƙoƙarin amsawa a yau. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙananan hukumomi a ƙasashe da dama sun sa baki a maganar makaman nukiliya, waɗansu sun ci nasara, waɗansu kuwa surutu kawai suka yi, kuma abin da ya raba waɗannan da waɗancan ya shafe mu.

Da yake ni malamin harshe ne, ku yi mini haƙuri in fara da kalmomi. Bahaushe bai tsaya aron sunan wannan makami kawai ba, sai da ya raɗa masa nasa, ya kira shi makamin ƙare-dangi. Duk sauran makamai, daga kibiya har igwa, mutum suke kashewa, su bar danginsa su yi makoki. Wannan kuwa ba ya barin mai karɓar gaisuwa. Bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ran 6 ga Agusta, 1945, ya hallaka mutum wajen 140,000 kafin ƙarshen shekarar, na Nagasaki kuma, bayan kwana 3, ya ci fiye da 70,000. A yanzu ƙasashe 9 ne suke riƙe da irin waɗannan makamai, jimlarsu ta kai wajen 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha. Ajiye su shi muke kira kwance ɗamara, kalmar da muka gada daga zamanin yaƙin dawaki. Akwai kuma wata dabara ta daban, watau janye jari: hukuma ta ƙi zuba kuɗinta, ko ta ƙi yin ciniki da kamfanin da yake ƙera makaman.

Kada wani ya zaci wannan magana ta Turawa ce kaɗai. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kuma ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau 4. Ku lura da watan. Fabrairu lokacin hunturu ne, lokacin da iska take tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamada ta zube mana a kan tabarma da cikin randa. Manoman ƙasar Hausa ba su karanta kimiyyar atom ba, amma sun san inda hazo yake fitowa, saboda haka tsoron da ya kama Afirka ta Yamma a lokacin ba na jahilci ba ne. Tun a Disamba 1959 wata tawagar masu zanga-zanga ta tashi daga Ankara ta Gana da nufin isa wurin gwajin, Faransawa suka tare ta a ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Da Faransa ta yi gwaji na uku ran 27 ga Disamba, 1960, sai gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta fi wata 3 da samun mulkin kai ba, ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, a farkon Janairu 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Nijeriya. Faransa ba ta fasa ba. Gwaji 17 ta yi a Sahara tsakanin 1960 da 1966, 4 a sarari, 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker. A 2014 aka bayyana wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna cewa burbushin gwajin farko ya bazu a kan wani babban sashe na Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki.

Daga wannan fushi ne aka samu sanarwar Alƙahira ta 1964, inda shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka nemi a tsarkake nahiyar daga makaman, sa'an nan yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka ja gaba wajen tsara yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2017 mai haramta makaman ɗungurungum, ta kuma tabbatar da ita ran 6 ga Agusta, 2020. Duk wannan aikin gwamnatin tsakiya ne, kuma haka doka ta tsara. Wanda ya buɗe tsarin mulkin 1999 zai tarar cewa makamai da albarusai, da makamashin nukiliya, da ma'adinai, duka suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka. Abin da aka bar wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwa da tasha da maƙabarta da mayanka da shara da rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Har inda aka ba ta damar bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, sai da aka toge, aka ce ban da haƙar ma'adinai. To, haka abin yake a Ingila da Jafan da Amurka: babu majalisar garin da aka ba ta iko a kan bam. Ta yaya ke nan suka sami ƙofar shiga?

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ta baki. Ran 5 ga Nuwamba, 1980, majalisar birnin Manchesta ta Ingila ta zartar da ƙuduri cewa ba ta yarda a ƙera ko a ajiye makamin nukiliya a cikin iyakarta ba, kuma cikin 'yan shekaru majalisu fiye da 100 na Birtaniya suka bi sahu. A 1982 magajin garin Hiroshima, Takeshi Araki, ya yi kira ga takwarorinsa na duniya, aka kafa ƙungiyar magadan gari masu neman zaman lafiya, wadda a yau take da garuruwa fiye da 8,000 a ƙasashe fiye da 160. Irin wannan ƙuduri ba shi da haƙori a gaban kotu. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na taɓa ganin allon irin wannan sanarwa a bakin wani gari, fentinsa ya koɗe, kuma ɗan garin da muke tafe tare bai ma san me aka rubuta a kai ba. Amma fa kada mu raina baki gaba ɗaya. A Niyu Zilan, garuruwa ne suka yi ta zartar da irin wannan ƙuduri ɗaya bayan ɗaya, har da babban birnin, Wellington, a 1982, har ya zamana mafi yawan jama'ar ƙasar suna zaune a garuruwan da suka yi sanarwar. A 1987 majalisar ƙasa ta mai da abin doka. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, amma a nan da garuruwa aka ci ƙasa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne inda ƙaramar hukuma ta gano cewa gwamnatin tsakiya tana bukatarta. A 1982 gwamnatin Birtaniya ta shirya wani babban atisaye na gwada yadda za a yi da jama'a idan an kawo harin nukiliya. Ana bukatar ma'aikatan gundumomi su zauna su tsara inda za a ɓoye shugabanni, da yadda za a raba abinci, da inda za a binne gawawwaki. Majalisun gundumomi 20 daga cikin 54 suka ce ba za su shiga ba, suna masu cewa wannan yaudarar jama'a ce, domin ana nuna musu kamar ana iya tsira daga abin da ba a tsira daga gare shi. Tilas gwamnati ta soke atisayen. A birnin Kobe na Jafan kuwa, tashar jiragen ruwa a hannun hukumar gari take. A watan Maris 1975 majalisar garin ta yanke cewa duk jirgin yaƙin da zai shigo sai ya kawo takardar shaida cewa ba ya ɗauke da makamin nukiliya. Ita kuwa Amurka al'adarta ce ba ta cewa e, ba ta cewa a'a game da abin da jiragenta suke ɗauke da shi, saboda haka jiragen yaƙinta suka ƙaurace wa Kobe shekara 50, sai a Maris 2025 aka bar wani ƙaramin jirginta ya shiga ba tare da takardar ba, bisa tabbacin ma'aikatar harkokin wajen Jafan. Ku duba, hukumar Kobe ba ta ce ta haramta bam ba, domin ba ta da wannan iko. Takarda kawai ta nema, a bakin ƙofar da mabuɗinta yake hannunta. Ma'aikatan gwamnati da suke wannan zaure sun fi ni sanin ƙarfin takardar da aka ce sai an kawo ta.

Sai maganar kuɗi. Makaman nan ba aljanu suke ƙera su ba, kamfanoni ne, masu sayar da hannun jari a kasuwa, masu neman rance a banki, kuma da yawansu suna ƙera waɗansu kayayyaki na yau da kullum. A 1983 wani ƙaramin gari a Jihar Maryland ta Amurka, Takoma Park, ya kafa doka cewa hukumar garin ba za ta sayi kaya daga irin waɗannan kamfanoni ba, ba kuma za ta zuba jari a cikinsu ba. A watan Disamba 2021 majalisar birnin Niyok ta yi kira ga mai kula da baitulmalin birnin da ya janye kuɗin fanshon ma'aikata, wanda jimlarsa ta haura dala biliyan 250, daga kamfanonin da suke ƙera makaman. Amma kira ne, ba umarni ba, domin amintattun asusun ne suke da ta cewa, kuma doka ta ɗora musu nauyin neman wa ɗan fansho riba. Wannan shi ne ƙullin da yake cikin janye jari a ko'ina: tsohon malamin firamare yana iya ƙin jinin bam, amma yana so a biya shi a ƙarshen wata. Ita kanta Takoma Park ta yi wa dokarta sassauci a 2012 domin sayen kwamfutocin laburare. Gwamnatocin tsakiya kuma ba su naɗe hannu ba. Dokar da mutanen Oakland ta Kalifoniya suka zartar a 1988, mai hana aikin makaman da safarar kayansu a cikin birnin, kotun tarayya ta rushe ta a 1990. A Birtaniya aka yi ƙa'idoji a 1983 masu tilasta wa majalisu aikin da suka ƙi, a 1988 kuma aka hana su duba siyasar kamfani wajen ba da kwangila. A ganina wannan martani shi ne babbar shaidar cewa abin ya yi cizo, gama ba a yi wa abin da ba ya cizo takunkumi.

Yanzu mu dawo gida. Aikin kwance ɗamarar nukiliya na zahiri da aka yi a ƙasar Hausa, a Zariya aka yi shi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da yuraniyom da aka tace ƙwarai, irin wanda ake tsoron kada ya faɗa hannun masu neman haɗa bam, ko da yake abin da yake ciki bai wuce wajen kilo 1 ba. A ƙarshen 2018 aka sauya shi da mai ƙarancin tacewa, aka mai da na farkon ƙasar Sin. Wannan aikin tarayya ne da hukumomin duniya, ba na kansila ba. A arewa da mu kuma akwai Arlit da Akokan a Jamhuriyar Nijar, inda dubban Hausawa suka je cin rani suka zauna. Hukumar atom ta Faransa, wadda ta ƙera bam ɗin Reggane, ita ce ta yi binciken da ya kai ga buɗe ma'adinan, aka fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, a Akokan a 1978. Ba gwamnati ce ta fara tada maganar lafiyar mazauna wurin ba, wata ƙungiyar 'yan gari ce, Aghirin'man, ta gayyato masu awo daga waje, kuma a 2009 aka tarar da tarkace mai tururin guba a titunan Akokan. Da aka rufe ma'adinin Akokan a Maris 2021, an bar tudun dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Kamfani yana iya naɗe tabarmarsa, gwamnati tana iya sauyawa, kamar yadda ta sauya a Yamai a 2023. Magajin gari da mutanensa su ne za su kwana kusa da tudun.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar da ido ba ya gani ba. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukanmu, aka yi zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, ashe dalma ce da take cikin dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka: yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Dalma ba yuraniyom ba ce, kada ɗalibin kimiyya ya kama ni. Abin da ya haɗa su shi ne ƙura, da kuma tambayar wanda yake da ikon hana ta. Ma'adinai na tarayya ne, na faɗa ɗazu. Amma ba umarnin Abuja ne ya fitar da injin niƙa daga cikin gidaje ba. Sarakuna da dagatai da hukumomin yankin ne suka sa aka mai da aikin bayan gari, 'yan ƙauyen kuma, da fartanya da shebur, tare da ƙwararrun da suka zo daga waje, suka kankare saman ƙasar gida-gida aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi girma, wadda kuma ta dogara ga kuɗin tarayya, sai da ta jira har 2013. Wannan ita ce dabarar Kobe, ba tare da kowa a cikinmu ya taɓa jin sunan Kobe ba: ba ka da iko a kan ma'adinin, amma kana da iko a kan inda za a ajiye turmi.

Abokin nan nawa zai ce, to, Malam, bam bai taɓa kashe kowa a Nasarawar Burkullu ba, bindiga ce take kashe mu. Gaskiyarsa ne. Makamin da yake ƙare dangi a Zamfara a kafaɗa ake rataye shi, a kan babur ake yawo da shi, kuma wanda ya tuna abin da ya auku a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022 ba zai so a yi masa lacca a kan Hiroshima kawai ba. An gwada sulhu da miƙa bindigogi a 2019, bai ɗore ba. A Yuni 2022 gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya suka ce wannan ba hurumin jiha ba ne. Idan jiha ba ta da hurumi, ina ga ƙaramar hukuma? Sai dai bindiga ma tana da hanyar da take bi, tana da kuɗin da ake sayenta da shi. Tana ratsa tasha, kuɗinta yana ratsa karar shanu da wurin awon zinariya, kuma tasha da kara da mayanka suna cikin ɗan abin da tsarin mulki ya damƙa wa ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma ta ba ta ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Rajistar saniyar da aka sayar da sunan dillalin da ya tsaya mata, da sanin wanda aka ba fili a bakin daji, ba su da armashi kamar sanarwar da za a karanta a rediyo, ba kuma za su kori ɗan bindiga daga daji su kaɗai ba, har ma ma'aikacin da zai riƙe irin wannan littafi a yau yana sa ransa cikin haɗari, sai da jami'an tsaro a bayansa. Amma irin ƙofar da muka ga ta yi aiki a wurin waɗansu ke nan.

Game da janye jari kuwa, in faɗa muku gaskiya, a nan ne kwatancin ya fi rauni. Wanda ba shi da jari ba ya janye jari. Tun gyaran 1976 da ya kashe En'e ya kawo ƙananan hukumomi irin na yanzu, waɗanda adadinsu ya kai 774, rabon da suke samu daga tarayya ya daɗe yana ratsawa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Fanshon ma'aikatansu kuma, a jihohi da yawa, hukumar da jiha ta kafa ce take riƙe da shi; inda aka shiga tsarin adashin fansho na dokar 2004, mafi yawan kuɗin a takardun bashin Gwamnatin Tarayya ake zuba su, ba a kamfanonin makamai na ƙetare ba. Saboda haka idan majalisar Bukkuyum ta zauna gobe ta zartar da ƙudurin janye jari daga masu ƙera bam, ba ta janye ko kwabo ba. Abin da majalisar Niyok ta yi wanda tamu za ta iya koyi da shi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya: ta tambayi mai riƙe da jaka, a bainar jama'a, ina kuɗin ma'aikatanmu suke, a hannun wa, yana yin me da su. Shiga ƙungiyar magadan garin nan kuwa a buɗe take ga kowane gari, wasiƙa ce daga shugaban ƙaramar hukuma. Ba ni da ja da wanda ya rubuta ta, muddin bai sa aka sayi allo da fenti da kuɗin kwalbatin da abokina yake kuka a kansa ba.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Nan zan dakata, in saurari tambayoyi, musamman daga ma'ajin ƙananan hukumomi da na hango a sahun baya.